Jar Tuta a Fadamar Wurogauri

Shekarata bakwai da aure a Gwandu, babana bai taɓa taka gidan da nake ba. Ba ciwon ƙafa yake yi ba, don har yau yana tuƙa kekensa daga Kalgo zuwa Birnin Kebbi ya dawo ko haki babu. Ba kuma kunyar surukai ba ce. Dalilin guda ne: gidan na surukina ne, shi da surukina kuwa ba sa ga-maciji. Na haifi Fiddausi bai zo ba, na haifi ƙanenta bai zo ba, sai dai ya aiko da rago, ya zauna jiran in yi arba'in in kai masa su. Ni kuma ba abin da nake so a duniya kamar in ga babana zaune a ɗakina ko sau ɗaya. Na san ƙaramin buri ne, amma ya daɗe yana cina.

Sunan surukina ba ya fita daga bakina, don haka zan kira shi yadda duk Gwandu ke kiransa, Direba. Babana kuwa Malam Jibrin. Shekara ashirin da shida suka yi tare a aikin reluwe, a wata babbar tasha can gabas, tafiyar yini guda daga nan. Mu a ƙasar Kabi ba mu da layin dogo ko taku ɗaya, shi ya sa in an ce direban jirgi sai mutanenmu su ɗauka wanda ya san Legas lungu-lungu ne. Alhali Direba bai taɓa fita shingen tasha da jirginsa ba. Abin da yake tuƙawa sunanta shanta, wato ƙaramin kan jirgi mai jera taragu. Ta jawo wannan, ta tura wancan, ta haɗa su layi guda, sannan babban kan jirgi ya zo ya kwashe ya tafi, har da yabon.

A kwatas ɗin reluwe muka tashi ni da maigidana Lukuman, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, saboda haka karatun shanta ba wanda bai sha ba a cikinmu. Har gobe ma ba a yaye mu ba. Da Direba ya samu mai saurare bayan la'asar, sai ya faro tun daga zamanin kwal, lokacin da ake hura wuta tun asuba ana jiran ruwa ya tafasa kafin jirgi ya motsa. Daga nan ya gangaro kan zuwan mai shan gas, wadda za ka danna ta yi tari biyu ta tashi. Ƙafafunta shida ne gajeru, an haɗa su da sandar ƙarfe ta kowane gefe don kada ɗaya ta juya ta bar sauran. Da gangan aka yi mata nauyi, saboda ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi. Tana da akwatin rairayi da take zubawa gaban ƙafafunta in layi ya jiƙe. Ɗakin direba tagogi ne ta ko'ina, da abin tuƙi a hagu da dama, domin rabin aikinta da baya take yi. Gudu kuwa, mai keke in ya dage zai bar ta. Direba yakan ce masu ƙera ta sun sayar da gudunta ne suka saya mata ƙarfi, kuma yakan faɗe shi kamar da shi aka yi cinikin.

Sai dai duk yawan tagogin nan, in tana tura tarago goma da baya, direba ba ya ganin na ƙarshe. Idonsa yana ƙasa, a hannun mai tuta. Kore ka taho, ja ka tsaya, ba gardama. Babana shi ne mai tutar Direba.

Ina aji huɗu na firamare abin ya faru. Suna tura taragun siminti shida cikin wani layi mai ƙarewa, a ƙarshensa akwai tokare mai tare tarago, bayan tokaren kuma rumfar mai shayi. Taragon ƙarshe ya bi ta kan tokaren ya shige rumfar ya zauna. Allah ya kiyaye, mai shayin ya tafi alwala, tukunyarsa ce kaɗai ta riga mu gidan gaskiya. Aka kafa kwamiti. Babana ya ce ya ɗaga ja. Direba ya ce bai ga ja ba. Kwamiti ya auna ya ga direba ya fi mai tuta wuyar samu, sai aka mai da babana gadin mararrabar jirgi da mota, inda ya ƙarasa shekaru ukunsa na ƙarshe yana tare awaki da masu babur. Tun daga ranar ko sallama ba ta sake haɗa su ba.

Za a ce to yaya aka yi auren? Iyayenmu mata ne suka yi shi, su da ba su taɓa daina aika wa juna daddawa ba. Mazan kuwa kowa ya ƙi yarda a ce shi ya hana. Kowa ya ce ya amince, kowa ya wakilta ƙanensa wurin ɗaurin aure, kuma ranar kowa tafiyar gaggawa ta kama shi.

To bana Lukuman ya samu aron fili a fadamar Wurogauri kusa da Kalgo ya yi shinkafar rani, Allah ya ba shi, sai dai ya makara wajen yanka. Ranar Juma'a na bar Fiddausi wurin kakarta a Gwandu, na sauka gidanmu a Kalgo da ɗan goyona don in dafa wa ma'aikata abinci washegari. Direba kuma ya biyo babbar motar da za ta kwashi buhunan, wai ya zo sa ido. Da hantsin Asabar ruwan farkon damina ya sauko ba ko sallama, ya yi awa guda ya ɗauke.

Lokacin da na iso da kuloli bayan azahar, na tarar da fadama ta yi tsit ban da kukan inji. Babbar motar tana can bakin titi, ba ta iya shigowa. An ɗora buhunan a kan ƙananan tireloli uku, an ɗaure su da sarƙa ɗaya bayan ɗaya a kan siririyar hanyar da ke tsakanin gonaki, tantan, wato taraktar noma, tana gaba. Bayan tirela ta ƙarshe akwai magudanar ban-ruwa mai zurfi har ƙirji. Mai tantan ɗin, wani ƙato ana ce masa Faruk, yana ta ba ta wuta, tayoyi na juyi a wuri ɗaya suna fesa wa mutane laka. Wani hadarin kuma ya fara haɗowa daga gabas.

Lukuman ya ce a kwance su a ja ɗaya-ɗaya. Direba ya ce hanyar ba za ta ɗauki wucewa uku ba, in tantan ta bi sau ɗaya ta dama ta, sauran biyun sai su kwana nan. Sannan ya tako, ya ɗaga wa Faruk hannu.

"Kashe ta, Faruku. Rijiya kake haƙa muna."

"Baba, ƙarhi ne ba ta da shi."

"Ƙarhi tana da shi, dabara ce babu. Ka miƙe sarƙa duka, kana son ta tada ukkun lokaci guda. Ko jaki ba a yi mishi haka. A aza mata buhu shida ta yi nauyi, a samo rairayi a zuba ƙarƙashin tayoyi. Sannan a koma baya."

"Baya, Baba? Rami na baya."

"Baya na ce. A tura su su matsu da juna, sarƙa ta saki. In an ja, ta farko ta tashi ita ɗai, ta tada ta biyu, ta biyu ta tada ta ukku. Haka munka tada tarago talatin da ƙaramin inji."

Aka aza buhuna, aka kwaso rairayi daga bakin titi cikin kwanuka, har da murfin kulata. Amma Faruk ya sauko ya naɗe hannu, ya ce shi ba zai tura shinkafar mutane rami ba. Direba ya tattare babbar riga ya hau. Ya koyi tuƙa tantan bayan ya yi ritaya, sai dai jirgi ba shi da sitiyari, don haka har yau shi da kwana sai a hankali. Gaba da baya kuwa ba wanda ya kai shi.

Ya waiga, bai ga komai ba sai tsaunin buhuna. Lukuman ya ruga baya don ya ba shi hannu. Ina son mijina, amma gaskiya ɗaya ce, ya tsaya yana kaɗa hannu biyu kamar mai korar kaji daga shanya. Ma'aikata suka taya shi, wannan na cewa taho, wancan na cewa tsaya, wata mai sheƙa ma ta sa baki. Direba ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya kashe inji.

"Mutum goma na ba ni hannu, ba wanda na san mi yake cewa. Ba ni motsawa sai da mai tuta."

Ban san ko ya ji abin da bakinsa ya faɗa ba. Ni dai na ji. Na koma bayan wata bukkar gadi na kira babana a waya.

"Baba, shinkafarmu ta maƙale cikin fadama, ga hadari. Ana neman mai ba da hannu a yi baya."

"Wa ka tuƙi?"

Na yi shiru.

"To ba ni zuwa."

"Shi ke nan, Baba. Baban Fiddausi zai yi. Ga shi can ma ya tsaya bayan tirela ta ƙarshe."

"Bayanta? Tsakaninta da mi?"

"Da ramin ban-ruwa."

Na ji kujera ta faɗi a can gida.

"Ce mishi ya hita nan yanzu. Wa ya taɓa tsayawa bayan kaya ana turawa? Ɗan reluwe guda. Kada kowa ya taɓa komi, Larai, kin ji ni?"

Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, Allah ne shaidata. Na dai san inda ke yi wa babana ƙaiƙayi.

Ba a yi rabin awa ba sai ga shi a bayan ɗan kabu-kabu, ya riƙe hula da hannu ɗaya. Ya gaida Lukuman, ya gaida Faruk, ya gaida masu sheƙa ɗaya-ɗaya, saura kaɗan ya gaida tantan ɗin, amma wanda ke zaune a kanta ko kallo bai samu ba. Direba shi ma ya ga wani abu mai muhimmanci a sararin sama. Babana ya bi tirelolin yana taɓa kowace sarƙa, ya je ƙarshe ya auna tsakanin taya da bakin rami da ƙafarsa, ya dawo.

"A ba ni ja da kore."

Ja dai zanen goyona ne. Na kwance na miƙa yaron ga wata mai sheƙa, babana ya ɗaura zanen a sandar bugun shinkafa. Kore kuwa reshen darbejiya aka karyo masa daga bakin titi. Ya shiga gona laka har idon sawu, ya yi ta matsawa gefe sai da ya samu inda zai ga bakin rami kuma mai tuƙi zai gan shi. Sannan ya ce duk wanda ya buɗe baki ko ya ɗaga hannu, shi zai tura tirelolin da kansa. Fadama ta mutu.

Ya saukar da reshen ƙasa yana kaɗa shi sannu-sannu. Inji ya tashi. Tantan ta fara ja da baya, tafiyar da sai ka ƙura ido za ka yarda tana motsi. Tirela ta farko ta taɓa ta biyu, sarƙarsu ta faɗi cikin laka. Ta biyu ta matsa ta taɓa ta uku. Ta uku ta girgiza ta fara gangarawa wajen ramin. Ni ba ramin nake kallo ba. Direba nake kallo, ya murɗa wuya ya kafe babana da ido ko ƙiftawa babu, babana ma haka. Shekara ashirin rabonsu da haɗa ido, ga shi yau an ba su aikin da ba ya yiwuwa sai da shi. Tsoro da murna suka haɗe mini, na rasa wanda zan fara ji.

Zanen goyona ya tashi sama. Tantan ta tsaya cak, har hular Direba ta zamo masa kan goshi.

Babana ya bari aka yi numfashi biyu, sannan ya ɗaga reshen sama ya nuna titi. Direba ya sa giya. Kacau, ta farko ta tashi. Kacau, ta biyu. Da ta uku ta amsa, tayoyin tantan suka ciji rairayi, duka jerin ya miƙe yana tafiya cikin natsuwa, ba gudu ba tsayawa, har kan tudun bakin titi. Ma'aikata suka ɓarke da shewa. Faruk ya ce shi ma abin da ya yi niyyar yi ke nan, ba a dai ba shi lokaci ba.

Aka shiga sauke buhuna ana lodawa a babbar mota. Ni ina karɓar yarona sai na ga Direba ya sauko, bai tsaya karɓar sannu ba, ya biyo sawun tayoyi ya dawo har bakin ramin. Babana yana nan tsaye yana kwance zanen daga sanda. Sawun tayar ƙarshe ya fito ɓaro-ɓaro cikin laka. Direba ya durƙusa ya aza tafin hannunsa tsakanin sawun da bakin ramin, hannun ya cike wurin. Ya daɗe a durƙushe. Na matsa kusa, wai zane na zo karɓa.

"Ni na ɗauka da saura taku ukku," in ji shi, yana kallon laka.

"Ka saba ɗauka," in ji babana, yana kallon sanda.

Wannan ita ce magana ta farko da ta shiga tsakaninsu tun ina aji huɗu, kuma na zaci ita ce ta ƙarshe. Direba ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara, ya goge hannunsa a babbar rigarsa fara.

"Ranan nan ma haka na ɗauka. Na ga tutar, Jibrin. Na gan ta sarai, na ce a raina ka yi gaggawa, da saura."

Babana ya ninke zanen gida biyu, ya sake ninkewa gida huɗu.

"Na san ka gani. Ina kallon idonka."

"Da anka tambaye ni, tsoro ya kama ni. Ga iyali, ga ritaya ta matso."

"Ni ba ni da iyali? Shekara ukku ina tare awaki. Yaran da na koya ma riƙon tuta suna wucewa bisa jirgi suna ɗago mini hannu."

"Na sani."

"Ban ce na yahe ba."

"Ban ce ka yahe ba. Na dai ce na gani."

Ni na kasa tafiya na kasa tsayawa, hawaye na zuba a kan yaro yana kallona da mamaki. Ban taɓa jin babana ya ambaci shekarun nan uku ba. A gida in an yi zancen sai ya ce canjin aiki aka yi masa.

Ya miƙo mini zanen, ya dube ni, ya dubi babbar motar da ake ja wa tamfol.

"Motar ga Gwandu za ta?"

"Gwandu za ta, Baba."

"Ki tambayi mai ita ko da wuri gaba."

Da wuri, ko babu ma da na sauke direban motar da kaina. Suka shiga su biyu, ni da Lukuman muka biyo su a babur, hadarin ya bi ta kudu ya bar mu. Direban motar ya gaya mana daga baya cewa tun daga Wurogauri har Gwandu ba su ce wa juna uffan ba, sai dai duk sanda ya taka birki su biyun su ce masa ya makara.

Rana na shirin faɗuwa muka isa. Babana ya sauko ya tsaya a ƙofar zaure yana gyara hular da ba ta karkace ba. Direba ya ce, "Bisimilla," ya koma gefe ya ba shi hanya. Na wuce gaba da sauri ina addu'ar Allah ya sa na share ɗakin kafin in tafi. Na shimfiɗa darduma, ya yi sallama ya shigo ya zauna, ya dubi rufi, ya dubi jeren kwanukan da shi ya saya bai taɓa ganin inda aka jera su ba.

Sai ga Fiddausi a guje daga ɗakin kakarta, hannunta duk tuwo. Ta ci birki a bakin ƙofa. Shekararta shida, ba ta taɓa ganinsa a wani wuri ba sai a Kalgo.

"Kaka na Kalgo, wa ya nuna maka gidanmu?"

Kullum in sun haɗu shi ke fara tsokanarta, ya ce amaryarsa ta yi muni zai sake ta. Na jira tsokanar, ba ta zo ba. Ya miƙa mata hannu, ya jawo ta jikinsa da tuwon da komai.

"Na daɗe da sanin hanya, amarya. Ni ne ban zo ba."

Na fita ɗebo masa ruwa. Kafin in dawo daga randa rabin kofin ya zube a hanya, sai da na koma na sake cikowa.